Mai Ba da Magani: Aminci Cikin Ƙaramin Abu

Karatu: Luka 16:10, Misalai 11:1

'Yan'uwa cikin Kristi, sa'ad da muka je Babban Asibitin Dutse mukan gode wa likita, amma mukan manta da wanda yake tsaye a bayan tagar ɗakin magani. Bari mu duba aikinsa, gama akwai koyarwa a ciki.

Da safe yakan ƙirga magunguna, ya rubuta cikin littafi. Yakan duba ranar da aikin kowane magani zai ƙare, ya sa wanda ranarsa ta yi kusa a gaba, domin a fara ba da shi. Yakan duba firiji kuma, gama insulin na masu ciwon sukari da yawancin alluran rigakafi suna bukatar sanyi tsakanin digiri 2 da 8. Zafin bazara a ƙasarmu yana iya lalata su.

Sa'an nan masu ciwo su kawo takardar likita. Idan rubutun bai fito ba, ba ya yin ka. Sai ya tambayi likita, ko babban mai haɗa magani wanda yake bisa kansa. Ga misali: maganin zazzaɓin cizon sauro da ake kira Coartem, akan sha shi sau 2 a rana har kwana 3. Yaro mai nauyin kilo 10 yakan sha ƙaramar ƙwaya 1 kowane lokaci, babban mutum kuwa 4. Kun gani, tsakanin 1 da 4 akwai ran ɗan wani.

Ubangijinmu ya koya mana cewa a kan ƙaramin abu ake gane amincin mutum. Ba mai ganin hannun ma'aikacin nan sa'ad da yake ƙirga, sai Allah, wanda yake ƙin ma'aunin zalunci. Kai Kirista mai wannan aiki, kada ka ɗauki ko ƙwaya ɗaya ka sayar a waje.

Mu kuma muna da namu rabo. Mu yi haƙuri a layi. Mu saurara sosai, in ba mu gane ba, mu sake tambaya. Mu shanye magani duka ko da mun ji sauƙi, kada kuwa mu raba shi da maƙwabci.

Tambayoyi:
1. Don me ba a ba yaro da babba mudu ɗaya?
2. Wane ƙaramin abu ne Allah ya danƙa a hannunka?

Cikin wannan wata mu tuna da masu ba da magani cikin addu'a.