JAN KITSE, DA YADDA A KE AUNA SHI DA HASKE

Jama'a, kitse iri biyu ne a jikin ɗan Adam. Akwai fari, irin wanda kowa ya saba gani a faifan mahauta, shi kuwa rumbu ne, ajiya ya ke yi. Akwai kuma ja, wanda aikinsa ƙona abinci don ya ba jiki ɗumi, kamar murhu. Yawan jijiyoyin jini da sinadarin ƙarfe da ke cikinsa su suka rina shi.

Jariri ya fi kowa shi, a wuya da tsakanin kafaɗu, gama jariri ba ya iya rawar ɗari. Dā an ɗauka duk ya kan ɓace in mutum ya girma, sai a 2009 likitoci a Turai da Amurka suka tabbatar manya ma suna da saura, a kwarmin nan na tsakanin wuya da kafaɗa. Amma hanyar da suka bi tana da wuya: a kan zaunar da mutum cikin sanyi wajen awa biyu, a yi masa allurar sukari mai tururin nukiliya, sa'an nan a shigar da shi babbar na'ura. Wa zai yarda a yi wa ɗansa haka?

To, ga dabarar da masana na Japan suka bayyana a 2015. A kan ɗora ɗan kan na'ura bisa fatar kwarmin, ya aika da wani haske wanda ido ba ya gani. Jini ya kan sha wani sashi, saura ya komo. In abin da ya komo kaɗan ne, jini ya yi yawa a wurin, watau alamar jan kitse ke nan. Ba tsaga, ba allura. Wanda aka taɓa maƙala wa ɗan abin auna iskar jini a yatsa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ya riga ya ga ƙanen wannan hikima. Sai dai hasken ba ya nisa cikin jiki, kimantawa ya ke yi.

Kada zafin Sakkwato ya ruɗe mu. Asubar hunturu, a Disamba da Janairu, tana iya cinye ɗan guzurin jariri, balle bakwaini, wanda nasa bai cika ba. Saboda haka ungozoma ta goge shi nan da nan, ta ɗora shi a ƙirjin uwa fata da fata, a sa masa hula, a rufa su. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a jinkirta wankan farko har awa 24.