Zuwa Ga Ƙannena Masu Rubutu A Waya



Dalilin wannan takarda shi ne kukan da na fi ji daga bakinku: "Muna ta rubutu, amma ba mai karantawa." Wasunku har sun yanke cewa sai mai uwa a gindin murhu ake bi. Ku yi haƙuri da abin da zan faɗa. Yawancinku ba basira kuka rasa ba, rana kuka rasa. Mai karatu bai san yaushe zai zo ya same ku ba.

Kasuwar Wudil Juma'a take ci, ta Maigatari kuwa Alhamis. Ba a yin shela kowane mako, amma mai saniya yakan kamo hanya tun da dare daga wata uwa duniya, don ya tabbata zai tarar da jama'a. Da a ce wannan makon ta ci Juma'a, na gaba ta koma Talata, sannan ta yi wata biyu shiru, da tuni ciyawa ta cinye filin. Haka shafinku yake a idon mai karatu.

Kada ku ɗauka waya ce ta kawo wannan ƙa'ida. Kowa ya san Alhaji Abubakar Imam da Ruwan Bagaja, wanda ya rubuta don gasar 1933, da kuma Magana Jari Ce. Abin da ba a cika tunawa ba shi ne aikinsa na jarida. A watan Janairun 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, shi ne editanta na Hausa, kuma ya riƙe ta fiye da shekara goma. A lokacin masu karatun boko ƙalilan ne, mutum ɗaya kan saya ya karanta wa jama'a cikin zaure. Littafi sau ɗaya ake gama shi a huta. Jarida kuwa, da an fitar da wannan, ta gaba ta fara ƙwanƙwasa ƙofa, ko marubuci na da nishaɗi ko babu. A ganina wannan horon ne ya sa Hausarsa ta zama ma'auni, kuma shi ya koya wa mutane sauraron fitowar rubutu.

Da adabin kasuwar Kano ya bunƙasa daga shekarun 1980, irin su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino da Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa ba su da kamfanin da ke yi musu talla. Littattafan zamanin kashi-kashi suke fita, na ɗaya, na biyu, na uku. Mai karatu ya gama na ɗaya ya koma wurin mai shago yana tambayar ci gaba. In ya samu, sunan marubucin ya zauna masa. In aka yi ta ce masa "bai fito ba tukuna", sai ya sayi na wani.

Yau ku ba kwa jiran maɗaba'a, ba kwa bin 'yan kasuwa bashi. WhatsApp da Facebook da Wattpad suna tafin hannunku. Amma sauƙin nan shi ne tarkon. Sai yarinya ta rubuta shafi uku cikin zumuɗi, ta sake su a daren, a yi ta yabo ana cewa "a ƙaro mana". Ta yi alkawarin kullum za ta riƙa saki. Mako biyu ana tafiya, sai jarrabawa ta zo, ko biki, ko wuta ta ƙi zuwa waya ta mutu. Ta ɓace. In ta dawo, rabin shafin ban haƙuri ne, labarin kuma ya kwance, don ita kanta ta manta inda ta dosa. Mun ga littattafai masu kyau da yawa sun mutu a tsakiya ta wannan hanya, kuma mai karatun da aka taɓa bari a rataye yakan yi wuyar sake yarda.

Saboda haka ba na cikin masu cewa ku saki rubutu kullum. Ku rubuta kullum, wannan na yarda, ko da rabin shafi ne bayan sallar asuba kafin gida ya tashi. Sakin kuwa a zaɓar masa ranar da za a iya cikawa ko da ana zazzaɓi. Sau biyu a mako ya isa, sau ɗaya ma ba laifi. Kuma kada a fara sai an tara na wata guda a ajiye, an san ƙarshen labarin. Alkawari kaya ne, kowa ya ɗauki daidai wuyansa.

Tazarar da ke tsakanin rubutawa da saki ita ce ke ba da damar gyara. A nan bari in ɗan kauce. Ina roƙonku da girman Allah ku daina rubuta "bazan" da "yace" a haɗe, ku daina cin wasulan kalmomi kamar ana korarku. Yanzu wayoyi suna da allon rubutu mai ƙ da ɗ da ɓ, ba sauran uzuri. Wanda ya ɗauki datarsa ya karanta ku, bai kamata ya sha wahalar hasashen abin da kuke nufi ba.

Sai maganar yawan mabiya, wadda ke hana wasunku barci. Dubu goma da suka danna alamar so suka wuce ba su kai mutum ɗari da ke leƙowa duk ranar Asabar ba. Waɗannan ɗarin su ne ke lura in kun sauya sunan kishiya a babi na tara, su ke tura wa ƙawayensu, kuma ranar da kuka ce littafi na kuɗi ne, daga cikinsu mai biya zai fito. Ku san su, ku amsa musu cikin mutunci. Amma kada ku bar su su riƙe muku alƙalami. In sun ce lallai sai jaruma ta auri mai kuɗin nan alhali labari bai nufi can ba, ku yi musu godiya ku ci gaba da abinku.

Ƙannena mata, gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016, kowace shekara takan dawo. Gajeren labari take nema, mai iyakar kalmomi da ranar rufewa. Wadda ta saba cika wa masu karatunta rana ba za ta ji nauyin wannan sharaɗi ba. Ko ba a yi nasara ba, a ajiye labarin, a gyara shi, a sa shi cikin rubutun da za a saki wata mai zuwa.

Ku gaishe da mutanen gida. Allah Ya yi wa alƙalumanku albarka.

Wassalam,
Yayanku.