Murar Hunturu: Yara, Tsofaffi da Magani

Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu takan cika ƙasar Daura da ƙura da sanyi, tun daga Zango har Mai'adua. A lokacin ne mura da tari suke yawaita. Mu masu ƙarfi a jika mukan warke cikin mako guda, amma jariri da tsoho mura takan gangara musu ƙirji ta zama nimoniya, har a kwantar da su a asibiti.

Yawanci ƙwayar bairus ce ke kawo mura, kafson da muke saya a kemis kuwa ba ya kashe ta. Magani ma yana da nasa haɗari. Asfirin yana iya taɓa hanta da ƙwaƙwalwar yaro mai mura. Piriton yakan sa tsoho jiri har ya faɗi. Tsakanin 2008 da 2009 maganin haƙori na My Pikin ya kashe yara fiye da 80 a Nijeriya.

To, me za mu yi in an tashi hutu? Mu ƙirga numfashin ƙannenmu na minti ɗaya. Ɗan wata 2 zuwa 11 in ya kai 50, ɗan shekara 1 zuwa 5 in ya kai 40, ko ƙirjinsa yana lotsawa, ko ya ƙi nono, a garzaya da shi asibiti. Kaka kuma in ta fara haki ko ruɗewa, kada a jira gari ya waye.

Ubangiji ya kiyaye mu da iyalanmu.