Karatun Digiri na Uku: Wahalhalunsa da Hanyoyin Jure Musu

Gabatarwa

Da yawa daga cikin ɗalibanmu na sakandare suna zaton duk wanda ake kira Dakta likita ne mai duba marasa lafiya, alhali kuwa akwai daktan lissafi da na aikin gona da na tarihi. Tun da aka kafa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Ƙauran Namoda cikin 1983, malamanta sukan tafi Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, ko ta Ahmadu Bello a Zariya, ko ta Bayero a Kano, domin neman wannan digiri. Wasu sukan dawo da shi, wasu kuwa sukan bar shi a hanya, ba don ƙarancin basira ba, sai don nauyin da ba su yi masa shiri ba. A wannan maƙala za mu duba irin wannan nauyi da kuma yadda ake ɗaukarsa.

Mene ne Digiri na Uku?

Digiri na uku, wanda ake wa laƙabi da digirin digirgir, ya sha bamban da sauran karatu. Daga firamare har zuwa digiri na farko, ana koya wa ɗalibi abin da aka riga aka sani ne, sannan a jarraba shi a kai. A nan kuwa, shi ake jira ya zo da wani sabon abu wanda ba a rubuta ba kafinsa. Yakan fara da tsara binciken da zai yi ya gabatar a gaban malaman sashensa, sai ya shiga ɗakin gwaje-gwaje ko gona ko ɗakin karatu, daga nan ya rubuta kundi a ƙarƙashin kulawar malami mai duba aikinsa. A ƙarshe sai ya kare kundin da baki a gaban masu jarrabawa, ciki har da wani masani daga wata jami'a. A ƙa'ida aikin ba ya kasa shekara 3, amma sau da yawa yakan zarce haka nesa.

Matsalolin Zahiri

Mu ɗauki misalin malamin da ya ƙuduri aniyar nazarin wuta-wuta, watau ciyawar nan mai jan fure wadda take manne wa saiwar gero da dawa tana tsotse musu ruwa da abinci. Tushe ɗaya nata yakan zubar da dubban ƙananan iri, kuma irin yana iya yin fiye da shekara 10 a cikin ƙasa bai mutu ba. Manoman Zurmi da Shinkafi ba su bukatar a gaya musu ɓarnarta, saboda haka bincike ne mai amfani.

Matsalarsa ta farko ita ce lokaci. Damina a wannan yanki ba ta wuce kamar wata 4, daga Yuni zuwa Satumba, kuma gwajin gona ba ya karɓuwa sai an maimaita shi aƙalla damina 2, domin a tabbatar sakamakon ba dace ba ne. Idan kuɗin taki ya makara da mako 3, ko ruwa ya ɗauke bayan shuka, to shekara guda ta tafi ke nan. Ba a fafe gora ranar tafiya: iri da fili da ma'aikata duk a tanade su tun da bazara.

Ta biyu ita ce kuɗi. Asusun TETFund, wanda dokar 2011 ta kafa, yana ɗaukar nauyin ƙarin karatun malaman manyan makarantun gwamnati, amma ba kowa ke samu ba, kuma malamin sakandare ba ya ciki. Mai shirin wannan tafiya ya zauna ya lissafa kuɗin makaranta da na mota da na sinadarai da na bugun kundi, ya kuma ware cefanen gida dabam, don da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Ta uku ita ce abubuwan da suka fi ƙarfin ɗalibi. Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ya ci kimanin wata 9 a 2020, ya sake cin wata 8 a 2022. A watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a Jihar Zamfara na tsawon makonni saboda matsalar 'yan bindiga, wanda ya raba ɗalibai da intanet da kuma masu duba aikinsu. Ita wannan matsala ta tsaro ta hana zuwa gonaki da dama. A nan shawara ɗaya ce: babu sakamakon binciken da ya kai rai daraja. A mayar da gwajin gonar makaranta, ko a yi shi cikin tukwane, ko a sake fasalin tambayar da izinin sashe. Lokacin da jami'a take rufe kuwa, a yi amfani da shi wajen karatu da rubuta babin da ba ya bukatar ɗakin gwaji.

Nauyin Zuciya

Wannan ɓangare shi ne aka fi yin shiru a kansa, kuma shi ya fi kayar da mutane. Ɗalibi yakan wayi gari shi kaɗai ne ya damu da tambayarsa. Gwaji ya lalace sau uku, babin da ya yi wata 2 yana rubutawa ya dawo cike da jan biro, abokansa sun gina gidaje, ga dangi kullum suna tambaya, "Malam, har yanzu ba a gama ba?" Mace kuma ga reno ga girki ga karatu. Daga nan sai ya fara raya wa kansa cewa bai cancanta ba.

Wannan ba a ƙasarmu kaɗai ake fama da shi ba. Wani bincike da aka buga a 2017 a kan ɗaliban digiri na uku fiye da 3,600 a ƙasar Beljiyam ya nuna kusan ɗaya cikin uku yana cikin haɗarin kamuwa da ciwon damuwa ko makamancinsa. A 2019 mujallar Nature ta tambayi ɗalibai fiye da 6,000 daga ƙasashe daban-daban, sai kashi 36 cikin 100 suka ce sun taɓa neman taimako saboda fargaba ko damuwar da karatun ya jawo musu.

Kimiyya ta yi bayanin yadda abin yake faruwa. Idan mutum ya shiga matsi, wasu ƙananan halittu da ke saman ƙoda sukan saki sinadarin kotisol cikin jini, wanda yake ƙara sukari a jini ya shirya jiki don fuskantar haɗari. Wannan yana da amfani na ɗan lokaci. Amma idan matsin ya ɗauki watanni, sai barci ya ƙaurace, hawan jini ya samu ƙofa, riƙe karatu ya yi wuya. Ashe wanda yake kwana yana karatu kullum don ya yi sauri, kansa yake ja baya.

Hanyoyin Jurewa

Na farko, a zaɓi ƙaramar tambaya wadda za a iya amsawa da kayan da ke hannu. Nazarin wuta-wuta a irin gero 4 ya fi kammaluwa a kan nazarin dukan cututtukan hatsi.

Na biyu, a riƙa rubutu kullum ko da shafi ɗaya ne, kuma a ajiye aikin a wuri 3: kwamfuta, da wani ma'aji dabam, da littafin hannu.

Na uku, a kyautata hulɗa da malami mai duba aiki. A je masa da abu a rubuce, a rubuta abin da aka tsayar, a kuma gane cewa babin ake gyarawa, ba mutuncin mai shi ba. Idan zama ya gagara, jami'a tana da hanyar da ake bi a nemi sauyi cikin ladabi.

Na huɗu, kada a ware kai. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A samu abokan karatu, a kuma zaunar da iyali tun farko a gaya musu tsawon tafiyar.

Na biyar, a ba jiki haƙƙinsa na barci da abinci da motsi, a riƙe ibada da addu'a. In damuwa ta kai mako 2 tana hana ci da barci da aiki, to a ga likita. Ciwo ne kamar zazzaɓi, yana kuma da magani; akwai asibitin ƙwararru a wannan fanni a Kware, kusa da Sakkwato.

Kammalawa

Marie Curie ta shafe shekaru a wata tsohuwar rumfa a birnin Faris tana tace tulin duwatsun ma'adini, kafin ta samu kashi ɗaya cikin goma na giram na gishirin radiyam a 1902. A watan Yunin 1903 ta kare kundinta, kafin shekarar ta ƙare kuma aka ba ta kyautar Nobel tare da mijinta da Henri Becquerel. Grace Alele-Williams ta samu nata digirin a 1963, ta zama mace ta farko a Nijeriya da ta kai wannan mataki.

Ɗalibin da ke aji a yau a Ƙauran Namoda ko Zurmi ko Shinkafi ya fara shiri tun yanzu: ya saba da tambaya, ya saba da rubuta abin da ya lura da shi, ya kuma koyi karɓar gyara ba tare da fushi ba. Malamai kuma su riƙa yaba wa yaron da ya sake gwaji bayan ya faɗi, kamar yadda suke yaba wa wanda ya ci tun farko. Matsalolin gonakinmu da rijiyoyinmu da lafiyar yaranmu suna jiran masu bincike waɗanda suka san ƙasar, kuma daga cikin waɗannan azuzuwa za su fito.