Ƙwaƙwalwar Ɓera da Muraja'ar Hadda

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Da yawanmu mun ɗauka ƙwaƙwalwa kamar allo take: ka rubuta da tawada, rubutu ya zauna har ranar da aka wanke. To, binciken da masana suka yi a kan ɓeraye ya nuna ba haka abin yake ba.

A cikin ƙwaƙwalwa akwai ƙananan ƙwayoyi masu aika wa juna saƙo. A shekarar 2013, a Jami'ar Stanford ta Amurka, Yaniv Ziv da abokan aikinsa sun ɗaura wa ɓeraye 'yar ƙaramar na'urar hange a ka, suka bi ƙwayoyin da ke gane wuri har kwana 45. Hanya ɗaya ɓeran ke bi a kowane gwaji. Amma da aka gwada wata rana da wata, kashi 15 zuwa 25 cikin ɗari ne kawai na ƙwayoyin suka sake yin aikin. Sauran sun yi shiru, wasu sun karɓe su.

A 2021 kuma, a Jami'ar Columbia, Carl Schoonover da Andrew Fink sun gwada ƙamshi. Cikin wata guda, yadda ƙwayoyin ke amsa ƙamshi iri ɗaya ya sauya ƙwarai. Ga inda darasin yake: da aka riƙa shaƙa wa ɓeraye ƙamshin kullum, sauyin ya rage gudu. Da aka daina, sai ya sake sauri.

Ɓera ba mutum ba ne, kuma ba a kan hadda aka yi gwajin ba. Amma ai ishara ta ishi mai hankali. Kowa ya san yadda muke dawowa daga dogon hutu: surar da muka kai wa Malam ba tuntuɓe, sai ga ta tana kuɓuce mana. Ba dakikanci ba ne fa. Ƙwaƙwalwa ce ba ta tsayawa wuri ɗaya, maimaici ke riƙe ta.

Don haka a hutun bana kowa ya tsayar da muraja'a bayan Asuba, ko da shafi biyu ne, kullum. Gara kaɗan kowace rana da izu biyar ranar dawowa. Iyayenmu kuma, don Allah ku riƙa sauraronmu kafin ku aike mu kasuwa.

Allah ya ba mu ilimi mai amfani. Amin.