Bangon ƙwayar cuta da allurar penisilin: abin da ya kamata makiyayi ya sani

Ƴan uwa makiyaya, tambayar da kuka fi yi mana a ma'aikatar kiwo ta Maine Soroa ita ce: me ya sa farar allura, wato penisilin, take warkar da kumburin rauni cikin kwana uku, amma a yi ta zuba wa saniya mai ciwon huhu har kwalba ta ƙare, tari bai ragu ba? Wasu sukan ce maganin jabu ne. Wani lokaci haka ne, amma galibi amsar tana jikin ƙwayar cutar kanta.

Yadda aka gina bangon

Ƙwayar cutar da ake kira bakteriya ƙanƙanuwa ce ƙwarai. Sai an jera kamar 1000 kafin su cika milimita ɗaya. Cikinta cike yake da ruwa mai gishiri da sukari, kuma kullum tana ƙara zuƙar ruwa daga waje. Ku ɗauke ta kamar salka da aka cika tam, aka sa ta cikin raga don kada ta fashe. To, ragar nan ita ce bangon.

Zaren ragar sukari ne iri biyu, a jere ɗaya bayan ɗaya. An ɗaure kowane zare da na kusa da shi da gajerun igiyoyi na irin sinadarin da ake gina nama da shi. Masana suna kiran wannan saƙa peptidogilikan. Babu ita ko kaɗan a jikin saniya, ko raƙumi, ko mutum. Shi ya sa maganin da ke ɓata ta yake kashe ƙwayar cuta ya bar dabba.

Kaurin ragar ba ɗaya ba ne. Tun 1884 wani likita ɗan ƙasar Danmak, Hans Christian Gram, ya gano rinin da ke raba bakteriya gida biyu. Gida na farko masu raga mai kauri, rufi a kan rufi. Cikinsu akwai ƙwayar ciwon saifa, da ta harbin daji, da yawancin masu kumbura hantsa da sa rauni ya yi mugunya. Gida na biyu ragarsu siririya ce, amma sun yafa wata fata mai maiƙo a kanta, wadda ke tare magani. Da yawa cikin masu sa maruƙa zawo a nan suke, kuma penisilin ba ta cika kama su ba.

Lokacin da ƙwaya ke girma

A nan ne duk maganar take. Ƙwaya ba za ta girma ba sai ta faɗaɗa ragarta, kuma raga ba ta faɗaɗa sai an yanka. Duk wanda ya ga masunta a bakin Komadugu suna ƙara faɗin koma ya san aikin: a yanke ƙulli, a shigar da sabon zare, a ƙulle. Ƙwayar cuta tana da ma'aikata iri biyu, masu yanka da masu ƙullawa, kuma dole aikinsu ya tafi tare. In ta samu ɗumi da abinci, tana rabuwa biyu cikin minti 30 ko ƙasa da haka. Ku lissafa: cikin awa 10, ɗaya ta wuce miliyan. Duk tsawon lokacin nan ana yanka ana ƙullawa.

Penisilin, wadda Alexander Fleming ya gano a Landan a 1928, hannun masu ƙullawa take riƙewa. Masu yanka kuwa ba su san an yi ba, suna ta yanka. Raga ta yi sako-sako, ruwan ciki ya turo, ƙwaya ta fashe. Ashe ke nan ba maganin ke huda ta ba, girmanta ne ke kashe ta. Ƙwayar da ke kwance ba ta gini, penisilin za ta wuce ta gefenta ba ta taɓa ta ba.

Abin da wannan ke nufi a garke

Allura ɗaya ba ta isa. Ba duk ƙwayoyin ke rabuwa lokaci guda ba. Waɗanda suke hutawa yau, gobe za su farka, kuma dole su tarar da magani cikin jini. Shi ya sa muke cewa a yi farar allura kowace rana, kwana 3 zuwa 5, ko da dabba ta tashi tana kiwo tun rana ta biyu. Mun san kuɗin kwalba, mun kuma san wahalar kayar da bijimin kuri sau biyar. Amma wanda ya tsaya a tsakiya, ƙwayoyin da suka fi taurin kai ya bar wa kansa.

Ƙurji mai cike da mugunya, ƙwayoyin cikinsa sun cunkushe, abinci ya ƙare, gini ya kusa tsayawa. A tsaga shi, a matse, a wanke tukuna.

Kada ku haɗa penisilin da oksitetrasikilin, wadda kuka fi sani da Terramycine, wai don magani ya ƙara ƙarfi. Ita Terramycine tsayar da girman ƙwaya take yi, kuma da girma ya tsaya penisilin ta rasa aikin yi. Kuɗi biyu, aikin ɗaya ma bai cika ba. Haɗin penisilin da sitiraftomisin da ake sayarwa a kwalba guda daban ne: ta farko ta ɓarka bango, ta biyu ta samu hanyar shiga.

Ga mata masu sayar da nono kuma: ƙwayoyin kirki da ke sa madara ta yi tsami su ma masu raga mai kauri ne. Madarar saniyar da ake yi wa penisilin takan ƙi kamawa, kuma ba ta dace da yara ba. A jira kwanakin da aka rubuta a jikin kwalba.

Ciwon huhu da ciwon saifa

Ƙwayar ciwon huhun shanu, wadda Nocard da Roux suka fara rainonta a Faransa a 1898, sunanta maikofilasma, kuma ba ta da raga sam. Fata ce kawai mai laushi. Ko ganga guda ta penisilin aka zuba, babu ƙullin da za ta hana. Terramycine takan sassauta tari, gaskiya ne, sai dai saniyar tana iya riƙe cutar a dunƙule cikin huhu, ta kai wa garken wani a bakin rijiya ko a kasuwar Diffa. Shanunmu suna cuɗanya da na tsallaken kogi, wajen Gaidam da Damasak, da na bakin tafkin Cadi, saboda haka lamba ta kowace shekara ita ce kariya. Kariyarta ba ta wuce kamar shekara ɗaya. Wanda ya ga saniya tana nishi, ta miƙe wuya, ta buɗe ƙafafun gaba, ya ware ta ya sanar da mu.

Ƙwayar ciwon saifa kuwa tana da raga mai kauri, kuma penisilin tana kashe ta in an yi sauri. Amma da jinin mushe ya sha iska, sai ta daina girma, ta naɗe kanta cikin ɓawo mai tauri, ta kwanta a ƙasa shekaru masu yawa. A wannan hali babu allurar da ke isa gare ta. Ambaliya tana tono ta, ta baza a fadamun da kuke komawa in ruwan Komadugu ya janye. Dabbar da ta faɗi farat ɗaya, baƙin jini na fita ta hanci ko dubura, kada a feɗe ta, kada a ja ta a ƙasa. A ƙone ko a binne da zurfi a inda ta faɗi.

Lambar ciwon saifa ƙwaya ce mai rai da aka rage wa ƙarfi, kuma sai ta farka ta ɗan yi girma a jiki kafin ta ba da kariya. In ta tarar da penisilin a jini, fashewa za ta yi kamar sauran. Ranar lamba, ku nuna wa ma'aikaci duk dabbar da aka yi wa allura a makon, ya sa mata wata rana.