Amsar Tambaya: Kwamfutocin da na kwafe sun ƙi jituwa

Tambaya: Malam, ni ke kula da ɗakin kwamfutocin wata makaranta. Na shirya Windows a kwamfuta guda, na kwafe ta da Clonezilla zuwa sauran. Yanzu intanet na yankewa a wasu, wasu kuma sun ƙi shiga sabar makarantar. Ina mafita?

Amsa: Ɗan'uwa, kwantar da hankalinka, wannan matsala tana da magani. Kwafin da ka yi ya ɗauko har shaidar kwamfutar farko, sai duk suka zama kamar ɗalibai masu katin shaida guda. Fara duba sunayensu. Idan duk suna ɗaya ne, saba za ta riƙa ruɗewa, amincewar da ke tsakaninsu ta lalace. Sai ka ba kowacce sunanta, ka fitar da ita daga rukunin sabar, ka sake shigar da ita.

Sannan buɗe Command Prompt ka rubuta ipconfig /all. In ka tarar an kafe lambar IP guda a kwafin, mayar da ita kan DHCP, domin rikicin lambar ne ke yanke intanet.

Gyara na dindindin shi ne ka koma kwamfutar asali, ka gudanar da Sysprep tare da zaɓin generalize kafin ka ɗauki sabon kwafi. Wannan zaɓin ne ke goge lambar SID da sauran shaidun na'urar. Kuma kada ka haɗa ta da saba kafin kwafin. Gwada sabon kwafin a kwamfuta ɗaya tukuna, sannan ka watsa shi.